Motar da Ta Ci Dakalin Baba

Da za a ba ni dama in goge rana ɗaya daga cikin kwanakina, ba ranar da gobara ta cinye mini rumfar hatsi a kasuwa zan goge ba. Wata Laraba ce, wadda na tsaya a ƙofar gidan nan namu na Tudun Wada, hannuna cikin aljihu, ina nuna wa magina inda za su fara sa diga. Ku 'ya'yana kun tashi kuna jin ana cewa kakanku ya koma 'Yandoto ne saboda zaman Gusau bai karɓe shi ba. Ni na ƙirƙiro maganar, mahaifiyarku kuma ta rufa mini asiri shekara da shekaru. Ba zaman Gusau ba ne. Ni ne, da motar nan rawaya da ke lulluɓe a gareji, wadda kullum kuke tambayata dalilin da ya sa ba na fitar da ita, ba na kuma sayar da ita. Ga dalilin, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

Ban yi boko mai nisa ba. Ƙuruciyata a kan sitiyarin motar hatsi ta ƙare, daga kasuwannin Tsafe da Bungudu zuwa kudu, har Allah Ya buɗa mini na fara sayen hatsin da kaina. Amma tun ina direba akwai wani ciwo da ke cina. A wani shagon kayan gyara na ga hoton mota a jikin kalanda, na roƙi mai shagon ya yage mini shafin, na ninke shi na sa a aljihu har ya ruɓe. Ba gudunta ne ya kama ni ba, zubinta ne. Motocin da na sani duk akwatuna ne da aka sa wa taya. Ita wannan kuwa kamar wanda ya zana ta bai ɗaga alƙalaminsa ba tun daga hancinta har ƙugunta. Na yi gida, na yi iyali, na sauke farali, amma duk mota mai kyau da ta gifta ni sai in ji ban zauna daidai ba.

Shi kuwa Baba manomi ne, bai taɓa son mota ba sai don ta kai shi inda za shi. Ranar da aka haƙa harsashin gidan nan ya zo daga 'Yandoto da dashen dogon yaro cikin gwangwani, ya dasa shi dab da inda ƙofa za ta tsaya. Bayan Inna ta rasu, sau uku ina zuwa ɗaukarsa yana ƙi. A na huɗu ya ce:

"Sani, ni ba tsuntsun keji ba ne. In akwai inda zan zamna in ga mutane suna wucewa, to, mu tafi. In babu, bar ni ga gonata."

Ya zo, ya tarar da itacensa ya girma har yana shafar katanga. Da hannunsa ya kwaɓa ƙasa ya gina dakali a gindinsa, ni dai siminti kawai na sa aka shafe masa. Shekara shida dakalin nan bai taɓa yin sanyi ba. Tsofaffin unguwa, masu kurar ruwa, mai ɗinkin hula, maƙwabtan da suka yi faɗa suna neman mai raba su, duk nan suke tsayawa. Duk Juma'a kuma taubashinsa Malam Buba yana tasowa daga Bungudu su yini suna tsokanar juna, kowanne yana cewa ɗayan bawansa ne. Baba ya yi ƙiba a shekarun nan. Mahaifiyarku tana cewa ba tuwonta ba ne, hira ce.

A shekara ta bakwai wani dillalin motoci ya kira ni Abuja. Ya ja ni wani ɗaki na musamman, ya yaye mayafi, sai ga abin da na ɗauka a aljihu tun ina saurayi, kwance a gabana, rawaya kamar garin ɗorawa. Tsayinta bai kai ƙuguna ba. Ƙofofinta ba gefe suke buɗewa ba, sama suke tashi kamar fiffiken fara. Injin yana baya, a ƙarƙashin gilashi, kana kallonsa kamar kayan ado a cikin kanti. Inda muka saba ganin inji kuwa nan ne but na sa kaya, ɗan rami da ko rabin buhu ba zai ɗauka ba. Kujera biyu rak. Babu safayar taya. Tsakanin kujerun akwai ɗan ƙarfe da aka buga wa lamba: goma sha tara cikin casa'in da tara. Dillalin ya ce iyakar waɗanda aka ƙera ke nan irin wannan, an kuma daina, kuma launin nan an haɗa shi ne don su kaɗai, babu mai fentin da zai iya kwaikwayonsa. Sannan ya karanto mini sharuɗɗanta kamar ana ɗaura aure. Ba a wanke ta da sabulun wanki. Ba a barin ta a rana. Ba ta shan kowane irin fetur. In ta kwana biyu ba a tayar ba, sai a jona batirinta da wuta. Kuma kada a yawaita hawanta, domin ƙarancin tafiya shi ne darajarta. Da mai hankali ne ya ji an ce ga mota amma kada a hau, sai ya yi dariya ya kama hanyar gida. Ni lambar nan ta goma sha tara nake kallo. Ba zan gaya muku kuɗinta ba, ko mahaifiyarku ba ta sani ba.

A bayan babbar mota aka kawo ta Gusau, domin ba za ta iya ramukan hanya ba. Unguwa ta cika. Baba ya tashi daga dakali da sandarsa, ya zagaya ta sau biyu, ya leƙa ciki, ya leƙa baya.

"To, ina aka aza kaya?"

"Baba, ba ta kaya ba ce."

"Mutum nawa taka ɗauka?"

"Biyu."

Malam Buba, da yake ranar Juma'a ce, ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace.

"Ɗana ya sayo ƙadangaruwa! Kai bawana, tashi ka gani, ɗanka ya ba da dukiya an ba shi babur mai taya huɗu."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Allah Shi sa alheri," ya koma wurin zamansa. Sunan kuwa ya bi ta, har yau tsofaffin unguwa Ƙadangaruwa suke ce mata.

Nan take matsala ta fito. Tsakanin titi da get ɗinmu akwai kwata da ɗan tudu, wanda tsohuwar motata take hayewa ba tare da na lura ba. Ita wannan tana da wani maɓalli da ke ɗaga hancinta kaɗan, amma ko da an danna shi sai haɓarta ta daki siminti. Lawali, bakaniken da ya daɗe yana duba mini motoci, ya kwanta a ƙasa ya auna da tafin hannunsa, ya tashi yana kaɗe riga.

"Alhaji, wagga ba ta hawa nan ko an yi mata addu'a. Sai an yi mata gangara doguwa, miƙaƙƙiya, babu kwana. Kuma wuri ɗaya ne zai ba da tsawon."

Bai nuna da hannu ba, da ido ya nuna. Dakalin Baba da itacensa.

Na ce a'a, Allah Ya sani na ce a'a a ranar. Sai motar ta zauna a waje, a gefen inuwar, mako uku. Mako ukun nan ban san natsuwa ba. Ina kasuwa ana auna masara, hankalina yana gida. In dawo da azahar, in sake dawowa da la'asar, in ɗaga mayafi in duba. 'Ya'yan dogon yaro suna faɗowa suna fashewa a kanta, tsuntsaye suna yi mata kashi, masu babur suna wucewa kamar za su shafe ta. Wata rana na tarar wani tsoho daga cikin abokan Baba ya yaye gefen mayafin don ya gani, ya kuma ɗora butarsa ta ƙarfe a kan bonet yana gyara ɗamara. Da ya ɗauke ta sai ga ɗan zane, bai fi tsawon farce ba. Na tsaya a kan zanen nan kamar an yi mini rasuwa. Fuskata ta faɗa wa tsohon abin da ke raina, duk majalisar ta gani.

Mahaifiyarku, Hajiya Asabe, ita ta fara gane inda na dosa. Ta same ni ina ta safa da marwa a tsakar gida.

"Alhaji, na ga kana auna ƙofar gida da ƙafa. Me kake aunawa?"

"Ɗaki zan gyara wa Baba a ciki. Da sanyi, da talabijin, da kujeru masu taushi. Ya tsufa da zaman ƙasa."

"Shi ya ce maka ya gaji?"

"Ba sai ya ce ba."

"To ka tambaye shi mana. In alheri ne, me ya sa kake jiran ya yi tafiya?"

Gaskiya ta faɗa. An yi wa Malam Buba rasuwa a Bungudu, Baba zai je ya yi kwana uku a wurin zaman makoki, ni kuwa na riga na yi magana da magina. Talata ya tafi. Laraba aka sa diga. Dakalin da aka yi shekara shida ana zama a kansa bai ɗauki awa guda ba. Itacen ne ya ba su wahala, sai da aka kawo injin yanka, saiwoyinsa kuma sun shiga har ƙarƙashin katanga. Tsofaffin unguwa suka tsaya daga nesa suna kallo. Kafin Baba ya dawo an zuba gangara mai santsi tun daga titi har cikin sabon gareji, an sa sabon get, an ɗauki maigadi.

Motar haya ta sauke shi da hantsi. Ina tsaye ina jiransa da jawabin da na shirya. Ya dubi gangarar, ya ɗaga kai ya dubi sama inda rassa suke a da, rana ta dake shi a ido.

"Ina iccen?"

Na fara bayanin ɗaki da sanyi da talabijin. Ya saurare ni har na gama.

"Na ji. Ta shiga dai?"

"Ta shiga, Baba."

"To, madalla."

Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya shiga ɗakin da na gyara masa, ya gode. Abokansa suka zo sau ɗaya: maigadi ya tsayar da su ya tambayi sunayensu, suka tuɓe takalma a kan tayil, suka zauna a bakin kujeru kamar masu jiran likita, suka sha ruwa suka tafi. Ba su sake dawowa ba. Masu kurar ruwa suka canza hanya. Malam Buba ya zo Juma'a biyu, a ta biyun ya ce sanyin ɗakin yana tayar masa da ciwon gwiwa. Baba ya fara mayar da tuwo. Sai wata safiya ya ɗauki tabarmarsa ya fita, ya shimfiɗa ta a wajen get, a kan gangarar, daidai inda dakalin yake a da. Babu inuwa, sai ya ɗora rawaninsa a ka ya zauna yana gaisawa da masu wucewa.

Ranar ina da ɗaurin auren ɗan wani babban ɗan kasuwa, na kuma yi niyyar zuwa da ita don a gani. Na cire wayar batir, na tayar da ita, ƙararta ta cika gidan. Maigadi ya buɗe get, sai ga bayan Baba a gabana, a tsakiyar hanya. Ya ji ƙarar, ba kurma ba ne, amma bai waiwayo ba. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in kashe mota, in fito, in durƙusa. Amma fita daga motar nan aiki ne, sai ka ɗaga ƙofa, ka dafa ƙasa, ka jawo jikinka, ga babbar riga mai sitati. Sai na danna oda. Sau ɗaya, gajere. Na yi wa mahaifina oda a ƙofar gidana kamar akuya ta tare hanya. Ya dafa sandarsa ya miƙe a hankali, ya naɗe tabarmar, ya matsa gefe, har ya ɗaga mini hannu alamar in wuce. Na wuce. A wurin ɗaurin auren mutane suka kewaye motar suna ɗaukar hoto, ni kuwa ko goron ban iya taunawa ba.

Washegari bayan karin kumallo ya aika a kira ni. Na tarar ya ɗaure kayansa.

"Sani, damina ta kusa, ina son in ga gonata. Kai ni gida. Kuma da wagga motar taka nika so ka kai ni. Tunda ta tashe ni, in san mi ke cikinta."

Shigar da shi sai da ni da Lawali muka kama shi, domin kujerar kusan a ƙasa take. Jakarsa ta shiga ramin gaba da ƙyar. Tabarmar da sandar suka ƙi shiga ko'ina, sai ya rungume su, bakinsu ya fito ta taga. Haka muka kama hanyar Tsafe. Wancan lokacin hanyar lafiya lau take, ba a fargabar komai sai ramuka. Duk rami sai na rage gudu na karkace, duk tudun da aka yi a titin ƙauye don rage gudu sai na danna maɓallin hanci na haye shi a gicciye kamar mai tsallake wuta. Motocin haya cike da buhuna suna wuce mu suna yi mana ihu. Baba ya sa yatsa ya shafa ɗan ƙarfen nan mai lamba.

"Mi anka rubuta nan?"

Na gaya masa: ta goma sha tara cikin casa'in da tara, babu irinta a duk ƙasar nan.

"Ashe tana da 'yan'uwa casa'in da takwas," in ji shi. "Ni kuwa kai ɗaya gare ni."

Daga bakin kwalta zuwa gidanmu na gado akwai 'yar tafiya a kan turba mai yashi da kwazazzabai. Na tsaya a bakin titi, domin ko taku goma ba za ta yi a kanta ba. Kafin in fito da Baba mutane sun taru, kowa yana miƙa hannu zai taɓa. Na dubi turbar, na dubi motar. In na raka shi, sai na bar ta a hannun jama'a. Baba ya ga idona yana kai da kawo.

"Zamna ga abinka," ya ce. "Na san hanya."

Na zauna ga abina. Wani mai babur ya ɗauki jakar, Baba ya ƙi hawa, ya saɓa tabarmarsa ya bi turbar da ƙafa. Ina tsaye ina kore hannayen mutane daga fenti, ina satar kallon bayansa har ya shige cikin gonaki. Wannan ita ce dama ta ƙarshe da Allah Ya ba ni a shekarar, na kuma sayar da ita a kan launin da mai fenti ba ya iya haɗawa.

Bayan sati na koma da tsohuwar motata, na durƙusa na ba shi haƙuri. Ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe, domin Baba ba ya magana biyu. Na ce ya dawo, zan fasa gangarar in gina masa dakalin da ya fi na da.

"Dakali kwana biyu ne, Sani. Inuwa fa? Shekara nawa kaka ba ni in jira ta?"

Bai dawo ba. Na yi ta zirga-zirga tsakanin Gusau da 'Yandoto, ina kai masa abin da bai roƙa ba, yana karɓa yana sa albarka. Bayan an gama girbi ya kwanta, kwana tara Allah Ya karɓi abinsa. A wurin zaman makoki Malam Buba bai tsokani kowa ba. Da zan tafi ya miƙo mini gwangwani da dashen dogon yaro a ciki.

"Bawana ya ce in ba ka. Bai ce komi ba bayan wannan."

Da na dawo na shigar da motar gareji, na lulluɓe ta, na kira maginan nan dai suka fasa gangarar. Na dasa itacen da hannuna a tsakiyar inda take, daidai bakin ƙofar garejin, na gina dakali a gindinsa. Shi ne wanda kuka tashi kuna gani, wanda nake yini a kai yanzu da sauran tsofaffin da suka rage. Ya girma har kaurinsa ya fi ƙarfin hannu biyu, kuma tun daga ranar motar ba ta da hanyar fita. Batirinta ya mutu tuntuni, tayoyinta sun zauna. Duk da haka dillalai ba su daina kira ba, wai rashin tafiyar da ta yi ya ƙara mata daraja, wai masu tara irinta suna neman lamba goma sha tara ido rufe. Na kuma ji ku da kunnena, ranar Sallah, kuna lissafin cewa reshe biyu da kututture ne kawai tsakaninta da titi.

Ban hana ku sayar da ita ba bayan raina, ban ma hana ku son abin da idonku ya gani ya yaba ba, domin wanda ya zana motar nan gwani ne, ba shi ya ce in yi abin da na yi ba. Roƙona ɗaya ne. Ranar da za ku fitar da ita, ku fasa katangar baya, ko da za ta ci muku ɗaki guda. Kada ku sa wa itacen nan ƙarfe. In kuma kun ga na tsufa na tare muku hanya, ku kashe mota ku fito ku yi mini magana.